Saƙon da Saratu Ta Hana a Karanta Mini

Ku jikokina, musamman kai Sani da kake kira na matarka alhali ko ɗankwali ba ka taɓa saya mini ba, na san labarin da ke yawo a gidan nan. Ana cewa wai Kulu ce ta kori uwarku Saratu zuwa Shanga a shekarar da kana goye. Kulu ta riga mu gidan gaskiya, ba ta da bakin kare kanta, ni kuwa ba na so in tarar da ita can da wannan nauyin a kaina. Don haka ku gyara zama. Ni na kori uwarku, kuma ban san korar ta nake yi ba sai da ta tafi.

A lokacin ni ce shugabar mata masu banda a kwatarmu ta bakin ruwa, kusa da Wara. Maza su kamo kifi a tafki, mu kuma mu gyara, mu kyafe tarwaɗa da karfasa, mu shanya ƙananan kifin warangi a rana. Ba don na fi kowa iya banda aka ba ni shugabanci ba, Kulu ta fi ni hannu nesa ba kusa ba. Murya ce da ni. In na tsaya a bakin ruwa na yi kira, mai jirgin da ya yi nisa ma sai ya waiwayo. Da manyan wayoyin nan suka shigo, aka buɗe mana zaure a waya, na ga ai an ƙara mini maƙogwaro. Kusan dukanmu ba mu yi boko ba, sai ga abin da za ka danna, ka yi magana, ka saki, mata talatin su ji ka a lokaci guda. Da can sai an bi gida gida kafin a sanar da suna ko rasuwa. Na riƙa cewa wanda ya ƙirƙiro saƙon murya ya tuna da talaka, don bai bar kowa a baya ba. Da zuciya ɗaya nake faɗin haka.

Ubanku shi ne ɗana na fari, kun san ba na kama sunansa. Shi ya ga Saratu a kasuwar Yelwa ta rako mahaifinta sayar da shinkafa, ya dawo ya kafe ya ce sai ita. Sanƙarau ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara bakwai. Mahaifinta, manomin shinkafa ne a Shanga, ya kai ta makarantar kurame a birni, ta dawo tana rubutu kamar malamar asibiti. Ubanku ya koyi maganar hannu a wurinta, in suna hira sai ka ga yatsu na tashi kamar ana tsinkar zogale. Ban ƙi auren ba, amma abin ya ɗaure mini kai, kuma ni mutum ce mai son sanin ƙwaƙwaf. Sai dai ƙwaƙwaf ɗina bai taɓa kai ni ga tambayar ita kanta ba, saboda suruka ce, kuma tsakanin mace da uwar mijinta akwai kunya.

A makon farko na lura da wani abu da ya ɓata mini rai. In ina magana, yarinyar nan sai ta kafe ni da ido, ba ta ko ƙiftawa. Mu a tasowarmu, wadda ta kalli uwar miji a fuska ba ta sami tarbiyya ba. Na kai ƙara wurin Kulu, aminiyata tun muna 'yan mata, ita kuma ta kai wa ubanku. Daga ranar Saratu in ta zo gaishe ni sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai, in yi ta magana, ita tana kallon tabarma. Na ji daɗi ƙwarai, har ina yabon ta a kwata, ina cewa ta ɗauki gyara.

Da za a sa ta a zauren waya na yi jim, na tambayi ubanku daga bakin ƙofa ko akwai amfanin hakan. Ya ce:

“Inna, ki sa ta. Wayagga ita ak kunnenta.”

Shi yana nufin da rubutun waya take hulɗa da mutane. Ni kuwa na ɗauka waya ce ke sauraron magana ta gaya mata ta wata hanya da ban sani ba. Abin da ke kawo hoton mutum daga Makka, me zai gagare shi? Kuma abin ya yi kama da gaskiya, don wata biyar babu sanarwar da na yi Saratu ba ta zo ba. Ban san ubanku ne ke sauraron saƙonnin yana mayar mata da hannu ba.

Sai ruwa ya ja baya, maza suka tashi zuwa tunga can cikin tafki, inda sukan yi wata biyu ko fiye suna su, wurin da waya ba ta kamawa. Gidansu ubanku kuma yana bayan gari ta hanyar mota, ba ya ganin kwata, ba ya ganin wucewar jama'a. Na sanar an sauya ranar da kowace ƙungiya za ta yi amfani da manyan bandoji, Saratu ta zo a tsohuwar rana, ta tarar da wasu a kai, ta koma. Na sanar da suna a gidan liman, ba ta zo ba. Abin da ya fi cin raina shi ne, wayar tana nuna wanda ya buɗe saƙo. An koya mini inda ake dubawa, ni kuwa kamar an ba ni aikin yi. Kullum sai in duba, kullum sai in ga hoton Saratu cikin na farko da suka buɗe.

Ana haka mahaifiyar Kulu ta rasu a ƙauyensu da ke tsallaken ruwa. Na yi sanarwa sau uku cewa jirgi zai tashi da hantsi mu je ta'aziyya. Mata suka cika jirgi, ni na ce a jira surukata. Mai jirgi ya kashe inji, rana ta fara zafi, mata suna kallon hanya suna kallo na. Da muka isa ba ita, Kulu tana zaune cikin 'yan'uwanta, idanu sun kumbura, ta ƙirga mu da ido ta ce:

“Hajara, ina ɗiyar taki? Ko mu ba mu kai a yi muna gaisuwa ba?”

Na rasa inda zan sa fuskata. Kulu ce ta yi wa Saratu wankan jego da hannunta lokacin da aka haife ka, Sani. Muna dawowa ban ko sha ruwa ba na danna waya, na aika wa uwarku saƙo ita kaɗai. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita muku ba. Na ce boko ya sa ta raina masu ƙaurin hayaƙi, na ce idan mutanen gidana sun yi mata ƙanƙanta, hanyar Shanga a buɗe take. Na duba, ta buɗe. Bayan kwana biyu sai ga ta da kwanon farfesun kifi, tana murmushi, ta durƙusa ta sunkuyar da kai kamar kullum. Na ce lalle yarinyar nan ta kai ƙarshe a raini. Na sa ƙafa na tura kwanon gabanta, na tashi na shige ɗaki na ja labule. Wannan kam ba ya buƙatar kunne. Washegari ta goya ka ta hau motar Yelwa.

Kwana huɗu ina cika ina batsewa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai: murmushin nan. Na ga masu raini iri iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda aka zage shi tas ya zo da fuska irin wannan ba. Sai tambayar da ya kamata in yi tun wata bakwai baya ta faɗo mini: shin ta yaya ma wayar ke gaya mata magana? Akwai wata Malama Rifkatu, Bakambara ce, tana koyarwa a firamare, duk ranar kasuwa takan sayi busasshen kifi a wurina. Na riƙe ta na ce ta zauna, na ba ta wayata na ce ta nuna mini inda kurma ke jin saƙo. Ta dube ni ta ce:

“Wane waje, Inna? Babu shi.”

Na ce ya za a yi babu, ga shi tana buɗewa. Malama ba ta yi gardama da ni ba. Ta kashe ƙarar wayar gaba ɗaya, ta nemo saƙon da na aika wa Saratu, ta danna, ta ɗora mini a tafin hannu.

“To ki duba. Abin da kika gani, shi ɗai ta gani.”

Na duba. Ɗan hotona ne a gefe, da wani ɗigo yana tafiya a hankali a kan layi. Minti huɗu ina kallon ɗigon nan yana rarrafe, ina sane da irin wutar da ke ciki, amma a ido babu bambancinsa da saƙon barka da asuba. Na ce to me ya sa take buɗewa? Malama ta ce wataƙila tana fata ne wata rana ta tarar da rubutu. Na ce amma ai ranar da ta zo gaishe ni na sha gaya mata abubuwa baki da baki. Ta tambaye ni ko Saratu na kallon bakina in ina magana, don da yawansu a leɓe suke tsintar zance. Nan na gane. Hanya ɗaya tak da yarinyar nan ke ji na, ni da kaina na aika aka toshe ta, har ina yawo ina yabon tarbiyya.

Ku da kuka san ni kun san ba na iya ganin rami ban leƙa ba. Na tsare Malama da tambayoyi har kifina ya kusa ƙonewa. Ta ce akwai dabarar da waya ke mayar da magana rubutu, muka gwada. Malama ta yi wa wayar Turanci, ta rubuta daidai. Na yi mata Hausarmu, ta zubo wasu abubuwa da Malama ta karanta ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan ba yaren kowa ba ne. Na ce ashe wanda ya ƙera abin bai taɓa zama a bakin ruwa ba. Daga nan na shiga bin mutane ina tambaya, abin da ban taɓa yi ba. Na je wurin Malam Ɗanjuma, tsohon masunci da idanunsa suka mutu, wanda wayarsa ke karanta masa rubutu da baki. Ya ce shi saƙon murya abincinsa ne, matsalarsa masu ɗaukar takarda hoto su tura, wayar sai dai ta ce masa hoto, ta yi shiru. Na je wurin wata tsohuwa mai rawar hannu, ta ce kafin ta gama magana yatsanta ya zame, saƙon ya yanke. Kowa da ƙofar da aka rufe masa, kuma duk wanda ya rufe yana ganin alheri ya yi.

Ranar Laraba na tara mata a gindin bandoji. Na ce laifin rashin zuwan Saratu nawa ne, na bayyana yadda aka yi. Na ce daga yau duk sanarwar da za ta shiga zaure sai ta shiga sau biyu, da murya da rubutu, kuma ba hoton takarda ba. Wasu suka ce wa zai riƙa rubutawa, mu da ba mu yi boko ba? Na ce ai kowane gida akwai mai rubutu, a nema. Suka ce saboda mutum ɗaya za a wahalar da talatin? Kulu ce ta miƙe, har lokacin tana cikin zafin rashin uwa, ta ce:

“Hajara, uwata ta mace, an bar jirgi cikin rana ana jiran surukarki. Yau kuma kin tara mu ki hwaɗa muna mu munka yi laihi? In ba ta ji ba, ba ta da ƙahwa ta zaka ta tambaya?”

Na ce ni na hana ta kallon bakina, kuma ke na aika. Da na san yadda maganar za ta sauka da na haɗiye ta, don a gaban mutane ta zama kamar na ɗora mata rabin laifin. Kulu ta ɗauki mayafinta ta tafi. Mata suka rabu biyu, kafin mako ya zagayo aka ce shugabar da ke juya ƙungiya saboda gidan ɗanta ba ta dace ba. Na sauka ba tare da an kai ga ƙuri'a ba. Kulu kuwa muka koma gaisuwar hanya, shekara arba'in na aminci ya tsaya a ina kwana. Mun shirya daga baya, amma bai koma kamar da ba, kuma har yau abin yana ci na.

Ubanku ya dawo daga tunga ya tarar da ɗaki a kulle. Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Ya je Shanga ya dawo shi kaɗai. Ta bakin ƙanwarsa na ji cewa da Saratu ta isa gida, ƙanwarta Bilki ta saurari saƙonnin duka ta mayar mata da hannu, tun daga sauyin ranar banda har zuwa zagina. Abin wata biyu ta same shi a zama ɗaya. Na ce to wannan ba aiken da za a yi wa wakili ba ne. Na ƙulle busasshiyar tarwaɗa mai kyau, na hau mota zuwa Yelwa, na sake wata zuwa Shanga.

Mahaifinta ya karɓe ni da mutunci fiye da yadda na cancanta. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, Saratu ta fito goye da kai, Sani, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. Na janye mayafina daga baki, na sa hannu na ɗago haɓarta. Uwar miji ta riƙe haɓar suruka a gaban iyayenta, ni kaina na ji abin banbaraƙwai. Na yi magana a hankali na ce:

“Dube ni, ɗiyata. Ni nay yi kuskure. Ki yi min gahwara.”

Ta daɗe tana kallon bakina. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murmushi ba. Ta ɗauki wayarta ta yi rubutu, sai na ji tawa ta yi ƙara a cikin jaka. Na fito da ita, ga layuka huɗu na baƙaƙen boko. Bilki ta miƙo hannu za ta karanta mini, Saratu ta riƙe hannunta, ta girgiza kai. Ta nuna ni, ta nuna idanuna, ta nuna wayar. Bilki ta ce:

“Inna, ta ce kar kowa shi karanta miki. Ke da kanki.”

Da farko raina ya sosu. Na yi tafiyar rabin yini, na zubar da girmana, a sallame ni da abin da ba na iya ganewa? A mota ina ta buɗe saƙon ina rufewa, ina kallon baƙaƙen kamar tururuwa a kan faranti. Ko yafiya ce, ko sallama ce, ko ramuwar zagi, ban sani ba. Muna wuce Birnin Yauri na gane abin da ta yi mini: ta ɗora mini a hannu irin abin da na yi wata biyu ina ɗora mata. Amma nata ya fi nawa adalci, don ni ina da hanyar koyo.

Na kama Malama Rifkatu. Duk yamma bayan ta tashi daga makaranta takan biyo ta kwata, ta zana mini baƙi a ƙasa da tsinke, ni da shekaruna sittin da ɗoriya ina maimaitawa, mata na wucewa suna ƙunshe dariya. Na sa mata sharaɗi kar ta kalli saƙon, ita ma ta riƙe amana. Abin ya ba ni wuya, ya kuma ba ni mamaki. Ashe sunana ma yana da siffa. Na riƙa tsayawa ina haɗa rubutun jikin buhun gishiri da na gefen jirage, in na ci ɗaya sai in ji kamar na kama giwan ruwa. Kalmar farko ta saƙon na fara ganewa, Inna, na kwana biyu ina jin daɗinta, don wanda zai yi maka sallamar ƙarshe ba ya farawa da haka. Sau da yawa ubanku yana zaune a zaure, wayar tana hannuna, karatun numfashi ɗaya ne a wurinsa. Bai ce in kawo ba, ni ma ban miƙa ba. Yana ramewa ina gani.

Mako bakwai na ɗauka. Wata ranar Alhamis bayan azahar na zauna a bayan banda ni kaɗai, na bi shi baƙi bayan baƙi da yatsa har ƙarshe. Ga abin da ta rubuta:

“Inna, ban ƙi zuwa ba, ban ji ba ne. Kunyarki ta hana ni faɗa. Na yafe tun da kika ɗago fuskata. Idan kin karanta wannan da kanki, ki rubuto mini ranar da zan dawo.”

Na ajiye wayar a cinya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar kakanku. Ashe duk makonnin nan da nake fama da tsinke a ƙasa, yarinyar nan tana can da kayanta, tana jiran in faɗi rana. Na share ido na nemo baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na goge na sake har sau uku. Kalma ɗaya ce, kuma ita ce farkon abin da na taɓa rubuta wa wani mahaluki a duniya. Na rubuta mata: gobe.

Washegari ana kiran la'asar na jiyo kukanka a ƙofar gida, Sani.